Daga Kaza da 'Ya'yanta Zuwa Faɗaɗar Sararin Samaniya

 

Duk shekara idan 'yan aji uku na ƙaramar sakandare suka zo zaɓen ɓangaren da za su shiga, mukan ji magana ɗaya tana yawo a bakin ajujuwa: wai Fiziks aljanin darasi ne, wai kayan Turawa ne da babu ruwansu da mutumin Gobir. Da wannan magana ake korar yara masu kaifin ƙwaƙwalwa daga ajin kimiyya, musamman mata. Shi ya sa ƙungiyarmu ta ga ya dace ta bi salsalar darasin tun daga tushe. Tushen kuwa abu ne da kowane tsohon manomi na bakin Gulbin Rima ya iya, wato ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ƙirga kwanaki.

Agogon manomi

Ku tambayi kakanninku game da Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri guda. A lokacin sanyi, da an yi sallar isha'i za a gan ta can sama. Da bazara ta yi nisa sai ta riƙa faɗuwa yamma da wuri, har ta ɓace a watan Mayu. Idan ta sake ɓullowa gabas kafin asuba a watan Yuni, manomi ya san lokacin shuka ya ƙarato. Malaman zaure suna da lissafin da ya fi wannan zurfi. Sun raba shekara gida 28, kowane gida da tauraronsa da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14. Ku buga lissafin: 28 sau 13 ya ba da 364, a ƙara kwana ɗaya ya zama 365. Sunayen da ake ji da damina, irin su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa, duk daga wannan lissafi suke, kuma daga Larabawa muka karɓo shi. Kaza kanta tana ciki, sunanta Surayya.

Me ke ɓatar da Kaza? Kowane tauraro yana riga lokacin fitowarsa na jiya da kusan minti 4. A wata guda ya zama awa 2, a shekara ya zama awa 24, an dawo inda aka fara. Dalili shi ne duniya tana kewaya rana, to a watan Mayu rana kan shiga tsakaninmu da Kaza, haskenta ya rufe ta. A lura, tauraro ba shi ke kawo ruwa ba. Ruwanmu iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ce ke ɗauko shi idan rana ta matso arewa, rana kuma tana matsowa ne saboda duniya a karkace take da digiri 23 da rabi. Kaza agogo ce kawai, amma agogon da bai taɓa tsayawa ba.

Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, su ne suka mayar da irin wannan kallo rubutu. Ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani a sama bisa allunan yumɓu, har suka gano cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11. Daga ƙirgensu na sittin-sittin muka gaji minti 60 a awa da digiri 360 a da'ira. Girkawa suka zo suka ƙara tambayar siffa da girma. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Eratosthenes, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar, ya ji cewa akwai ranar da rana ke leƙa ƙasan rijiya a Aswan da tsakar rana, sanda ba ta yin inuwa. A wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariyya ya sami karkatar digiri 7 da ɗoriya, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya sami kewayen duniya. Sanda da inuwa ne kayan aikinsa. Za mu dawo kan wannan, don mu ma muna da irin ranar Aswan a nan.

Wajen shekara ta 150 miladiyya Batlamiyus ya tattara ilimin magabata a littafin da Larabawa suka kira Almajisɗi. A tsarinsa duniya ce a tsakiya, komai yana kewaya ta. Tsarin ba daidai ba ne, amma kada mu yi masa dariya. Yana faɗin inda duniyoyi za su kasance, kuma ya yi wa mutane aiki sama da shekara dubu.

Malaman da suka ƙi yarda sai sun auna

A zamanin Halifa Ma'amun a Bagadaza aka fassara littattafan Girka da na Indiya zuwa Larabci, kuma waɗanda suka karanta su ba su tsaya a hadda ba. Buƙata ce ta tura su: lokutan salla, alƙibla, tsayuwar wata. Albattani, wanda ya rasu a 929, ya auna tsawon shekara ya sami kwana 365 da awa 5 da minti 46, kuskurensa bai kai minti 3 ba. A 964 Abdurrahman Assufi ya rubuta littafin taurari, a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare da ba ya gushewa daga wurinsa. Ku riƙe wannan gajimaren a ranku. Albiruni ya hau dutse ya auna karkatar bakin sama, ya fitar da girman duniya. Ibnu Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, ya gyara lissafin tafiyar wata da duniyoyi.

A ganinmu wanda ya fi cancanta ɗalibin Fiziks ya sani shi ne Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rasu wajen 1040. Kafin shi manyan masana da yawa suna cewa ido ne ke fitar da haske ya taɓa abu. Shi ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, kuma a miƙe yake tafiya. Yadda ya nuna ɗin shi ne abin koyi: ɗaki mai duhu, ƙaramar kafa, fitilu a waje, ya rufe wannan ya ga wane haske ya ɓace. Duk wanda ya taɓa kwanciya da rana a ɗakin ƙasa ya ga zaren haske ya ratso ta hujin ƙyaure ya ga ɗakin gwajin Ibnul Haisam. Ɗigon haske masu da'ira da ke ƙarƙashin darbejiya ma hotunan rana ne da kafofin ganye suka zana a ƙasa. Daga irin aikinsa aka sami ƙa'idar da Fiziks ke kanta har yau: kowace magana, ko ta wane babban malami ce, sai an gwada ta.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa, ya yi rubutu kan taurari da kan lissafin hatimi, inda ake jera lambobi a gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu can a 1741. Gaskiya aikinsa a cuɗe yake da ilimin asirai, kamar yadda na takwarorinsa na Turai ya kasance, don Kepler da za mu ambata shi ma ya yi wa sarakuna duba don ya ci abinci. Abin da ya rage mai amfani a aikin dukkansu shi ne lissafin.

Ga kuma wanda ya fi kusa da mu. A watan Maris na 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Clapperton da kansa ya rubuta cewa da ya baje taswirar sama, sai ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya dawo karo na biyu ya kawo masa littafin Iƙlidis na lissafin siffofi cikin Larabci, sai Bello ya gaya masa ai gidansu suna da shi a da, wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye. Mai cewa wannan karatu baƙo ne a ƙasarmu sai ya fara warware wannan labarin.

Zara ta ba da shaida

A 1543 littafin Copernicus, mutumin Folan, ya fito da cewa rana ce a tsakiya, kuma wasu dabarun lissafinsa sun yi daidai da na Ibnu Shaɗir. A 1609 Kepler ya gano cewa hanyar duniyoyi ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta ɗan miƙe kamar ƙwai. Ya kai ga haka ne don ya ƙi kau da kai daga wani ɗan saɓani, wanda bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na digiri ba, tsakanin lissafinsa da awon da Tycho Brahe ya yi wa Mirriku. A 1610 Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari. Ya kuma duba tauraruwar da muke kira Zara matar wata idan ta fito da magariba, muke kiran ta Gamzaki idan ta fito da asuba. Abu ɗaya ne, kuma duniya ce kamar tamu. Galileo ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, abin da ba zai yiwu a tsarin Batlamiyus ba. A 1633 kotun coci ta tilasta masa janye maganarsa, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida.

Isaac Newton ne ya ɗaure sama da ƙasa da igiya ɗaya a littafinsa na 1687. Ƙarfin da ke jan guga zuwa ƙasan rijiya shi ne ke riƙe da wata. Ku tuna majajjawa: dutse yana so ya wuce a miƙe, igiya tana jawo shi ciki, sai ya yi ta kewaya. Wata kullum faɗowa yake yi, gudunsa na gefe ne ke sa ba ya iso mu. Wasu kan kira wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, amma sunan yana ruɗarwa, don maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa yana jan komai, kuma idan nisa ya ninka biyu ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da dokar Newton, Halley ya ce wani tauraro mai wutsiya zai dawo a 1758, ya kuwa dawo bayan mutuwarsa. An gan shi a 1986, zai sake zuwa a 2061, wasunmu za su gan shi da furfura in Allah ya kai mu. A 1846 kuma da alƙalami aka fara gano duniyar Neftun, aka gaya wa masu madubi inda za su duba.

Haske ɗan aike ne

Babu wanda ya taɓa ɗebo tauraro ya kawo ɗakin gwaji. Duk abin da muka sani haske ne ya kawo. Tun 1676 Rømer ya nuna cewa haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa. Daga rana, mai nisan kilomita miliyan 150, yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20. Daga Kaza kuwa sama da shekara 400, wato hasken da za ku gani daren yau ya baro can tun kafin Alkalawa ta zama babban birnin Gobir. Kallon sama kallon jiya ne.

Da aka iya tsaga haske zuwa launukansa sai aka ga kowane sinadari yana da zanensa, kamar yadda aska ke nuna asalin mutum. Ta haka aka ga alamar sinadarin hiliyam a rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a ƙasa. A 1925 wata ɗaliba, Cecilia Payne, ta nuna cewa yawancin jikin taurari haidirojin ne da hiliyam. Manyan fannin suka ce ba zai yiwu ba, bayan 'yan shekaru suka dawo kan maganarta.

Albert Einstein ya zo a 1905 da 1915 ya taɓa abin da kowa ke ɗauka tabbatacce, wato lokaci da wuri. Ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, har haske ma sai ya karkata idan ya gifta kusa da rana. An gwada wannan a maƙwabtanmu. Ranar 29 ga Mayu 1919, lokacin husufin rana, Arthur Eddington ya ɗauki hotunan taurari a tsibirin Firinsife da ke tekun kudu da Nijeriya, wata tawaga kuma a Burazil, aka ga taurarin sun ɗan gusa kamar yadda Einstein ya faɗa. Wayar da ke nuna wa direba hanya tana aiki da wannan: agogon taurarin ɗan'adam da take saurare yana riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum, in ba a gyara ba taswirar ta lalace cikin yini guda. Faifan sola da muke cajin waya da shi ma yana da alaƙa da bayanin da Einstein ya yi a 1905 kan yadda haske ke tunkuɗa lantarki.

Mu ma mun ga namu husufin. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, inuwar wata ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, rana ta rufe ruf na 'yan mintuna, a nan yankinmu ma gari ya dushe. Iyayenku za su ba ku labari. Abin lura shi ne an buga ranar da mintin tun shekaru kafin ya faru. Gargaɗi: kada a taɓa kallon rana kai tsaye, ko da husufi, ko da baƙin tabarau. A dubi ƙarƙashin darbejiya, ɗigon nan za su koma kamar jinjirin wata.

Yanzu mu koma ga gajimaren Assufi. Henrietta Leavitt ta gano a 1912 yadda za a san ainihin hasken wasu taurari masu ƙyaftawa, daga nan a san nisansu. Da ma'auninta Edwin Hubble ya nuna a tsakiyar shekarun 1920 cewa gajimaren nan wani garken taurari ne daban, Andiromeda, a wajen namu garken. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara miliyan biyu da rabi, kuma ana iya ganinsa da ido a daren da babu wata babu hazo, daga Oktoba zuwa Disamba. A nan rashin wutar lantarki ya yi mana rana, don ɗan birni ba ya ganinsa. Ba sai an fita bayan gari ba, mun san halin da ake ciki, tsakar gida ta isa.

A 1927 Georges Lemaître, limamin coci ɗan Beljiyam, ya fitar daga lissafin Einstein cewa sarari yana faɗaɗa. A 1929 Hubble ya kawo awo: garkunan taurari suna nisantar mu, mafi nisa ya fi gudu. Ana gane haka kamar yadda ƙarar babur ke sauya idan ya wuce ka, sai dai a nan launin haske ne ke komawa ja. Ku kwatanta ƙullun fanke da aka barbaɗa wa riɗi. Yana kumbura kowane ƙwayar riɗi na nisantar 'yar'uwarta, babu wadda ke tsakiya. Idan aka mayar da lissafin baya, sai a iske komai a cure cikin tsananin zafi shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Ana kiran wannan Babbar Fashewa, duk da ba fashewa ba ce irin ta bam a cikin fili, filin ne kansa ke buɗewa. A 1965 Penzias da Wilson suka ba da rahoton wata 'yar ƙara da ke shiga eriyarsu daga kowace kusurwa, har sun share kashin tantabaru suna zaton shi ne. Ashe ragowar zafin farko ce. A 1998 aka gano faɗaɗar ƙara sauri take yi. Awon yau ya nuna cewa duk abin da aka yi da sinadaran da muke haddacewa a aji, daga taurari har jikinmu, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai. Sauran kashi 95, da ake kira baƙin abu da baƙin makamashi, an ga aikinsu amma har yanzu ana neman ko mene ne. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 yana cikin masu wannan farauta. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko a Satumba 2003, kuma ana karanta Fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Aikin da za mu yi da hannunmu

Da daddare ku fuskanci arewa, ku miƙa hannu ku dunƙule shi a kan bakin sama. Dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne. Ɗan sama da shi akwai tauraron arewa da ba ya motsi, a digiri 13 da ɗoriya, kuma wannan shi ne nisan Sabon Birni da Isa daga layin da ya raba duniya biyu. A Agadas ya fi haka tsawo, a Legas ya kusa taɓa ƙasa. Duniyar da take shimfiɗe ba za ta ba da haka ba.

Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci inda rana take a lokacin ya fuskanci alƙibla. A kafa sanda a zana layin inuwarta.

Babban aikin shi ne na Eratosthenes. Rana tana tsayawa daidai kanmu sau biyu a shekara, wajen 26 ga Afrilu da wajen 17 ga Agusta, amma ta Afrilu ta fi, don babu hadari. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, a daidaita ta da zare mai dutse a ƙasa don kada ta karkace. Jim kaɗan bayan 12:30 inuwarta za ta shige ƙarƙashinta. Wanda ke da ɗan'uwa a Zariya ya roƙe shi ya kafa irin sandar a ranar, ya auna inuwa lokacin da ta fi gajarta. Zai sami kusan santimita 4 tana nuna kudu, wato digiri 2 da rabi. Digiri 2 da rabi yana shiga 360 sau 144. Tazarar arewa da kudu tsakaninmu da Zariya kusan kilomita 275 ce, ba ta hanyar mota ba. Ku ninka 144 da 275, ku kwatanta da kilomita 40,000 da ke cikin littafinku. Kowane aji ya kawo wa sakataren ƙungiya abin da ya samu, za mu liƙa sakamakon a wannan allo tare da sunan ajin.